Wanda Ake Zuwa Dubawa Shi Ke Fita

Wannan lacca ce da wani dattijo, tsohon ma'aikacin jinya a sashen masu taɓin hankali, ya gabatar a wani ɗakin taro kusa da titin Bauchi a Jos, ranar 10 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware don lafiyar ƙwaƙwalwa. A waya aka ɗauke ta, sannan aka kwafe a rubuce. An rage dogayen gaishe-gaishe da wuraren da sauti ya yanke.

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamai, iyayenmu mata da ke wancan gefe, da 'ya'yana ɗaliban jinya da kuka cika bencin baya da fararen kaya, ina gaishe ku da kyau. Sanyi ya fara taɓa mini maƙogwaro, wanda bai ji ba ya ɗaga hannu in maimaita.

An nemi in yi magana a kan tarihin gidajen mahaukata. Yau za ku ji ina faɗin kalmar "mahaukaci", ku yi mini uzuri, don da wannan suna aka gina wuraren, da shi aka rubuta dokarsu. Amma a shekara 35 da na yi a bakin aiki ban taɓa yarda ƙaramin ma'aikaci ya faɗe ta a gabana ba. Mai lalurar ƙwaƙwalwa muke cewa, ko mai taɓin hankali, ko mu kira mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa, wanda shi ya fi.

A gindin katangar irin wannan gida aka binne cibiyata, a 1951. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gandiroba ne a gidan yarin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, na wani gari a Arewa. Ba zan kama sunan garin ba, saboda jikokin mutanen da zan ba ku labarinsu suna nan da ransu. A bayan gidan yarin akwai wani sashe da aka zagaye da katangarsa daban. A takardar hukuma sunansa gidan mahaukata. Gandirobobi kuwa "Turu" suke ce masa kawai. In an ce yau wane yana Turu, an san can aka tura shi gadi, kuma ba wanda yake murna da wannan.

Bari in zana muku wurin. Ginin ƙasa ne mai kaurin gaske, dogayen ɗakuna biyu na maza, ɗaya na mata. Taga guda ce a kowane ɗaki, can sama dab da rufi, kan mutum ma ba zai shige ta ba. A cikin daɓen an kafa zobban ƙarfe a jere, kamar yadda ake kafa turken dabbobi. A tsakar gidan akwai katon gungumen itace da aka huda, shi ne ainihin turun, a nan ake sa ƙafar wanda ya tayar. Akwai bishiyar darbejiya ɗaya, da randuna biyu, da bokitan bayan gida waɗanda fursunoni ke kwashewa da asuba. Abinci gabza ne, irin na sauran 'yan gidan yari, sai dai a Turu yakan iso a makare kuma a sanyaye. Ni ne mai kai wa Baba abincin rana a langa, shi ya sa ƙafata ta san wurin tun ina ƙarami. Warin wurin har yau in na rufe ido ina jin sa. Da dare kuma daga barikin gandirobobi muna jiyo su: wani yana kiran salla ƙarfe biyun dare, wani yana ta lissafin shanunsa, wata tana kiran sunan ɗanta. Da wannan muke barci, kamar yadda yaran da ke kusa da tashar jirgin ƙasa suke barci da ƙarar jirgi.

To, me ya kai marar lafiya gidan yari? Sai mun ɗan koma baya.

Kafin zuwan Turawa, in mutum ya sami taɓuwa, nauyinsa yana kan danginsa. A kai shi wurin malam a yi rubutu da tofi, ko wurin boka, ko 'yan bori su ce iska ce a yi girka. In yana duka ko yana gudu, a sa masa mari, a gida ko a gidan malamin. Kada wani ya ce muku Bature ne ya kawo mana sarƙa, mun san ta tun da. Abin da ya kawo shi ne katanga da takarda, wato a ɗauke mutum daga hannun danginsa da izinin hukuma, a ajiye shi inda ba mai ganinsa.

Su ma can ba su daɗe da fita daga duhu ba. Gidan Bethlem na Landan, wanda suke kira Bedlam, an kafa shi a 1247, kuma har cikin ƙarni na 18 mutanen gari kan shiga kallon marasa lafiya kamar masu kallon wasan kura. Sai a shekarun 1790 a birnin Faris aka fara kwance wa irin waɗannan mutane sarƙa, aikin da ake jingina wa likita Philippe Pinel da abokin aikinsa Pussin. Mu Musulmi kuma muna da abin tunawa a nan: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da ɓangaren masu taɓin hankali, a cikin asibiti ɗaya da masu zazzaɓi da masu ciwon ido. Marasa lafiya aka ɗauke su, cikin marasa lafiya aka ajiye su.

A ƙasarmu, Turawa sun yi dokar mahaukata a Kudu a 1906. A 1907 aka buɗe gidan mahaukata na Yaba a Legas, cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa, da mutum 14, mata 8 maza 6. Na Kalaba ya riga shi da 'yan shekaru. Bayan an haɗe Kudu da Arewa aka yi dokar 1916, aka yi mata kwaskwarima a 1958, kuma wannan doka ta 1958 ita muka yi ta aiki da ita har na yi ritaya. In ka karanta ta, kusan duk maganarta a kan yadda za a tsare mutum ne: likita ya shaida, alƙali ya sa hannu, a kulle. Damuwarta zaman lafiyar waɗanda ke waje. Warkewar wanda ke ciki ba ta sha mata kai ba.

A Arewa abin ya fi sauƙin kuɗi ga Bature. Tunda ta hannun sarakuna yake mulki, sai ya bar wa En'e nauyin, En'e kuma abin da take da shi mai ƙofa da kwaɗo shi ne gidan yari. Har an raba su kashi biyu a rijista: mahaukacin da ya yi laifi, da mahaukacin da bai yi laifin komai ba. Amma ɗaki ɗaya, gabza ɗaya, mari ɗaya. A shekarun 1930 an turo wani likita daga Ingila, Cunyngham Brown, ya zaga ya duba, rahotonsa ya fito a 1938 yana neman a gina asibiti na gaske. Sai yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, magana ta kwanta.

'Ya'yana ɗalibai, ku buɗe kunne a nan. Da na yi karatu na waiwayi mutanen Turu, sai na gane da yawansu ba abin da muke kira ciwon hauka suke da shi ba. Akwai masu farfaɗiya. Akwai tsofaffin da ruɗewar tsufa ta kama. Akwai waɗanda sanƙarau ya bari da taɓuwa, da waɗanda tunjere ya hau musu ƙwaƙwalwa bayan shekaru. Akwai masu ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ciwon da ya addabi yankunan nan har aka kafa cibiyar bincikensa a Kaduna da nan Vom. Shi ma yakan canza wa mutum hali kafin ya kwantar da shi. Har kurma na gani a wurin, wanda laifinsa kawai an yi masa magana bai amsa ba, aka taɓa shi ya kai duka. Duk an tara su a kwando ɗaya.

Yanzu zan ba ku labarin mutum biyu. In kun manta duk shekarun da na lissafa, ban damu ba, amma ku riƙe waɗannan.

Ina da shekara takwas, wata rana da hantsi, 'yan doka suka taho da wani mutum an ɗaure shi da igiya a ƙugu. Dogo ne, fari, rigarsa ta yage, yana ta magana ba ƙaƙƙautawa. Yaran gari sun biyo shi suna ihu suna jifa. Na shiga cikinsu. Na ɗauki hoge na jefa, ya same shi a kunne, jini ya fito. Ashe Baba yana bakin ƙofa yana kallona. Bai ce mini komai ba, bai kuma dake ni ba, ni kuwa da dukan aka yi mini da ya fi mini sauƙi. Da la'asar ya kira ni, ya cika kwanon sha da ruwa, ya ce, "Ɗauki, biyo ni." Muka shiga Turu. Mutumin yana zaune ƙafarsa cikin gungumen nan, jinin ya bushe a wuyansa. Baba ya ce, "Durƙusa ka ba shi." Hannuna yana rawa, rabin ruwan ya zube. Ya karɓa ya shanye, ya dube ni, ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka." Ya gane ni sarai. Wannan albarka da ya sa mini ita ta kawo ni gabanku yau.

Tela ne daga wani ƙauye. Ciwonsa mai zuwa ne ya tafi. In ya taso masa sai ya yi mako biyu ba barci, bakinsa ba ya rufuwa, ya ji duniya duk tasa ce. A wannan karon ana gab da Salla ya kwashe yadukan mutane da aka kawo ɗinki ya rabar a kasuwa, ya hau kan masallaci da tsakar dare yana wa'azi. In abin ya sauka kuma sai ya yi watanni shiru, ko abinci sai an matsa masa. Yau mun san wannan ciwo, yana da magani, akwai malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata a garin nan da suke shan ƙwayarsu suna harkokinsu, ba wanda ya sani.

Bayan kamar wata biyar ya dawo garau. Likitan gwamnati, wanda kan leƙo lokaci-lokaci, ya duba shi ya rubuta cewa a sallame shi in danginsa sun zo sun karɓe shi. Aka rubuta wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci. Shiru. Aka sake rubutawa. Shiru. A karo na uku amsa ta zo: an raba aurensa, matar ta yi wani auren, 'yan'uwa sun raba gonar, kuma sun ce ba su da wurin ajiye shi. Baba ne ya karanta masa takardar. Ya ce telan bai yi kuka ba, sai ya tambaya ko an ambaci kekensa na ɗinki. Ba a ambata ba.

Shekara tara ya yi a wurin. Ciwon ya taso masa sau uku ko huɗu a tsawon wannan lokaci, sauran kwanakin duk da hankalinsa ya yi su, kuma ina roƙonku ku tsaya ku auna wannan: mutum da cikakken hankalinsa, a ɗakin da na zana muku. Yari, wato shugaban gidan yarin, ya samo masa tsohon keken hannu, ya riƙa ɗinka kayan fursunoni da facin kakin gandirobobi a gindin darbejiya. Shi ya ɗinka mini gajeren wandon makaranta, ya yi mini wani ɗan siririn aljihu daga ciki, ya ce na fensir ne, don kada manyan yara su ƙwace. Duk ranar Juma'a yakan wanke rigarsa ya zauna yana fuskantar ƙofa. Ban taɓa jin ya ce yana jiran wani ba. Ya rasu da sanyin 1968, shekarar da gwamnatin tarayya ta karɓi gidajen yari daga hannun En'e. Mu bakwai muka sallace shi: limamin gidan yari, Baba, fursunoni huɗu da suka haƙa kabari, sai ni.

Ta biyun yarinya ce, haihuwar fari. Kwana kaɗan bayan suna ta daina barci, ta ce jaririn ba nata ba ne, aka kama ta a bakin rijiya. Dangin miji suka ce iska ce, aka yi ta yawo da ita, aka yi turare aka yi duka, daga ƙarshe aka kawo ta da sasari a ƙafa. Uwarta ta biyo su a ƙasa, tafiyar yini guda. Da aka rufe ƙofa, sai ta shimfiɗa tabarmarta a gindin wata tsamiya da ke fuskantar gidan yari, ta zauna. Yari ya sa aka kore ta, ta dawo. Aka sake korarta, ta dawo da murhu da kasko. Ta fara tuyar ƙosai tana sayar wa gandirobobi, kuma kullum na farkon da ta tsame sai ta ƙunshe a ganye ta ce a kai wa 'yarta. Na sha kai wannan ƙunshi da hannuna. Innata ta taɓa ce mata, "Iya, ki je gida ki huta mana, ai tana hannun hukuma." Ta ce, "Da hankalinta na haife ta, da hankalinta zan koma da ita."

Matan bariki suka yi ta roƙo har aka yarda tana shiga da safe. Ta yi mata wanka, ta tsefe mata kai ta yi mata kitso, ta zauna tana ba ta labarin jaririn: yau ya yi dariya, an ce ya fara riƙe wuya. Da farko yarinyar ko kallonta ba ta yi. Wata huɗu aka yi haka. Ranar da suka fita, uwar ta rabar da ƙosan ranar kyauta, ta bar wa Innata kaskon.

Kada ku fahimce ni a karkace. Ban ce ƙauna kaɗai tana warkar da ciwon ƙwaƙwalwa ba. Irin taɓuwar da ke zuwa bayan haihuwa akasari takan sauka, da magani kuma ta fi saurin sauka, kuma abu ne na gaggawa, a kai asibiti a ranar. Wasu cututtukan kuwa na tsawon rai ne, kamar ciwon suga. Amma Baba, wanda bai yi karatun likita ba, shi ke riƙe da littafin masu ziyara, kuma wata rana ya buɗe mini shi ya ce, "Duba nan. Wanda ake zuwa dubawa shi ke fita." Na bi shafukan da yatsa. Sunayen da ke da layi a gabansu, yawancinsu an sallame su. Waɗanda gabansu yake fari fat, a bayan katanga aka binne su.

Magani ya zo, kuma ya yi aiki, ba zan rage masa daraja ba. A 1952 likitoci a Faransa suka gano amfanin ƙwayar da muka sani da Largactil, kuma da ta iso wurarenmu tsofaffin ma'aikata sun ce kamar an zuba wa wuta ruwa. Mutumin da ya shekara a mari ya zauna ya yi hira. Kafin ita sai allurar faraldihaid, mai warin da ke bin numfashin mutum, wadda sai da sirinjin gilashi ake yin ta don tana cin roba. Largactil ma tana da nata: jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, yawu ya riƙa zuba, wani wuyansa ya juye, sai an haɗa masa da Artane, ƙwayar da ke rage wannan illa. In kun ga marar lafiya yana tafiya kamar an ɗaure shi, ku sani sau da yawa maganin ne ya yi yawa, ku gaya wa likita a daidaita, kada ku ce ciwon ne ya ƙaru.

Mutumin da ya tabbatar mini da maganar Baba a ilmance shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, mutumin Abekuta. Ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a Landan, ya dawo gida a 1954 aka ba shi asibitin masu taɓin hankali na Aro da ke Abekuta. Sai ya je ya zauna da dattawan ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su su ba marasa lafiya haya a gidajensu. Sharaɗinsa shi ne kowane marar lafiya ya zo da ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa ko wani na jiki, wanda zai dafa masa abinci ya kwana da shi. Da safe a je asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin mutane, a je kasuwa, a je masallaci ko coci. Bai kuma raina masu maganin gargajiya ba, ya jawo wasunsu ya yi aiki da su, don ya san wurinsu mutane ke fara zuwa. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, har ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Lokacin da na je Aro kwas a shekarun 1970 ya riga ya bar wurin, amma waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa su suka koyar da mu. Ranar da aka yi mana bayanin tsarin ƙauyen, ina zaune a aji, ba abin da nake gani sai tsohuwar nan da kaskonta a gindin tsamiya. Abin da Yari ya yi ta korarta a kansa, shi ne aka mayar sharaɗin karɓar marar lafiya.

Duk da haka ni ma na taɓa zama Yari. A nan Jos, ina babban nas, aka kawo wani saurayi, uwarsa ta ƙi tafiya, tana kwana a baranda, tana ta tambayar ma'aikata. Aiki ya yi mana yawa, na ce mata, "Hajiya, kina hana mu aiki, ki tafi sai ranar ziyara." Ta tafi tana share hawaye da bakin mayafi. Yaron ya daina cin abinci. Kwana uku muna fama da shi. A dare na ukun na kasa barci, da gari ya waye na hau babur na je har Unguwar Rogo na nemo gidan, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta zo da kunun gyaɗa a fulas, ya shanye a gabana. Wanda ya san labarin mai ƙosai tun yana yaro, shi ya yi wannan. Shi ya sa nake gaya muku, 'ya'yana, gajiya takan sa mutum ya manta abin da ya sani.

Mu mutanen Jos ba sai an ba mu labari ba. Tun rikicin Satumban 2001 da waɗanda suka biyo baya, na ga mutanen da suka fita da jikinsu lafiya amma barci ya gagare su shekara da shekaru, ƙarar tayar mota ta fashe su zabura. Na ga samarin da kodin da tiramol da sholisho suka cinye. Na kuma ga sabon salo: a kawo yaro a mota mai kyau, a biya kuɗin gado, a bar lambar waya ta ƙarya. Yaro ya warke, mu yi ta kira, ba ta shiga. Takardar hakimi ce ta dawo a wata kama.

Turu kuma bai mutu ba, gida ya sake. A Satumban 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa, kuma akasarinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu. Ban zo in zagi iyayen ba, na san abin da ke kai uba ga haka: ya gaji, ya ji kunya, asibiti ya yi nisa ko ya yi tsada. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Muna da asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sashen da ke asibitin koyarwa na nan Jos, amma ina za su kai? A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙin a yi masa bayani, a ji ta bakinsa a maganinsa, kada a tsangwame shi a wurin aiki. Na yi murna na ga wannan da raina. Amma akwai ɗakunan da doka ba ta leƙawa, irin ɗakin nan na can ƙuryar gida da ake sa wa kwaɗo in baƙi sun zo.

Malamai, da izininku. Muna da wata magana da muke yawan faɗa, wai hauka ba ya warkewa sai dai rangwame. Wannan magana ta kashe aure, ta hana aiki, ita ta sa 'yan'uwan tela suka raba gonarsa yana raye. Alhali Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har hankalin ya dawo. Har ya dawo, ya ce. Ina roƙonku ku hau mumbari da wannan. In an kawo muku mutum ruƙiyya, ku yi masa addu'a, ku hana a dake shi, ku ce a wuce da shi asibiti, ku kuma tambayi dangin wa zai zauna da shi. Makwabtanmu Kirista da na ga sun halarta, ku kai wa fastocinku wannan roƙo, don na kwance sarƙa a ƙafar mutanen da aka ɗauko daga gidajen addu'a na kowane ɓangare.

Bayan na yi ritaya a 2011 na koma garin da aka haife ni. An daɗe da kwashe mutanen Turu, an rufe shi. Ɗakin mata ya rushe, na maza ɗaya an mayar da shi sito, buhuna ne a ciki. Na roƙi mai gadi ya buɗe mini. Na ture wani buhu da ƙafa, ga zoben ƙarfen nan a cikin daɓe, ya yi tsatsa amma ko motsi ba ya yi. An sare darbejiyar. Tsamiyar ƙofa tana nan, masu gyaran babur ne a gindinta. Na zaga bayan katanga inda maƙabartar take, na tarar an shuka masara, ba tudu ko ɗaya, ba alama. Na tuna daga kusurwar katanga muka auna ranar, sai na taka taki goma sha biyu wajen gabas, na tsaya cikin masarar na yi masa addu'a, ni kaɗai.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda, lokacin Magariba ya gabato. Abu ɗaya nake roƙo kafin a tashi. Telan nan yana da suna, kuma a iya sanina ba wanda ya rage a duniya da yake riƙe da shi sai ni. Ba zan faɗe shi a lasifika ba. Liman, Allah ya gafarta Malam, matso in gaya maka a kunne, ka sa shi a addu'ar rufe taro, shi da waɗanda ke kwance kusa da shi.